Ƙasar da Muka Jiƙa a Ƙofar Gida

Maigidana ba ɗan Zariya ba ne. Daga wani ɗan ƙaramin gari ya fito, can kudu, wanda ke kwance cikin kwari tsakanin duwatsu, inda rana ba ta leƙa mutane sai da hantsi. Ni kuwa a Tudun Wada aka binne cibiyata, a nan ya same ni da ya zo aikin kafinta, 'yan shekaru kafin 'yancin kai. Sau ɗaya na je garinsu bayan aure, kuma abin da na gani bai bar ni ba har yau.

A can, idan mutum zai gyara ɗaki, ba ya gaya wa kowa. Ƙasa yake tarawa a ƙofar gidansa, ya jiƙa ta, ya kafa fartanya a kai. Gari na wayewa sai ka ga maza sun naɗe wando suna cuɗa ƙasa, mata suna ɗebo ruwa daga rafi. A wurinsu, ka je ka roƙi maƙwabcinka ya taya ka aiki zagi ne, tamkar ka ce masa ba shi da ido ko ba shi da zuciya. Mu kuma a Tudun Wada gayya sai an bi gida gida da goro an kira.

Shi dai mutumin nawa bai ajiye halin garinsu ba. Duk ƙarshen rani, da ya hangi tsibin ƙasa a ƙofar wani, sai ya tuɓe riga ya shiga. Ya yi yaɓe a katangar tela, ya ɗora wa malamin asibiti rufin madafa, zauren mai unguwa ma da hannunsa a ciki. Suna yi masa ba'a wai mutumin dutse ba ya gajiya, amma ban taɓa jin wanda ya ce masa ya koma gida tunda ba a kira shi ba. Har tambayarsa dalili suka yi, ya yi musu bayani dalla-dalla, suka yi ta cewa lalle wannan al'ada da kyau take. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce mini ba su sani ba.

Shekarar da na sami cikin fari, mahaifiyarsa ta sauko daga kwari don ta zauna da mu. Uwata ta rasu tun ina ƙarama, ba ni da wanda zai yi mini wankan jego, kuma tsoron haihuwar nan ya cika ni. Tsohuwa ce 'yar firit, Hausarta guntu-guntu, amma daga ranar da ta iso ta ɗauke ni 'ya. Inna nake ce mata. Da yamma takan zaunar da ni ta matsa mini ƙafafu da suka kumbura, tana yi mini faɗa wai ba na cin abinci. Ban taɓa sanin daɗin faɗan uwa ba sai a bakinta, kuma na ƙudurta a raina cewa ba za ta koma ba.

Ɗakin da muka ba ta yana bayan gida, bangonsa ya tsage har kana hango haske ta ciki. Dole a rushe samansa a sake ɗorawa kafin damina, kuma wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Maigida ya sa aka kawo ƙasa a jakuna daga wajen Tudun Jukun, ya jiƙa ta a ƙofar gida, ya kafa fartanya. Na ce masa, Malam, nan fa Zariya ce, a sayi goro. Ya ce mutanen da ya yi shekaru yana cuɗa wa ƙasa ba zai ci mutuncinsu da roƙo ba.

Da asuba Inna ta tashi ta dama kunu cike da babbar tukunya don masu aiki. Muka zauna muna jira. Mutane suna wucewa, kowa ya ce sannu da aiki, Malam, ya ƙara gaba. Tela har tsayawa ya yi, ya ɗebi ƙasar ya murza a yatsa, ya yaba kyanta, sannan ya wuce shagonsa. Kunu ya huce, ya yi tsami, muka zuba wa awaki. Washegari ta sake damawa. Ƙasa ta bushe, maigida ya sake jiƙawa.

Da abin ya ishe ni, na saci jiki na je wurin mai unguwa, wanda abokin mahaifina ne. Na durƙusa na gaya masa komai. Ya shafa gemu ya ce, "'Yata, ba a faɗa wa gidan mutum ba a kira ba. Ya aiko da goro ko ƙwaya ɗaya, gobe ki ga aiki." Na ce, Baba, shi da ya shiga aikin zaurenku goro nawa aka kai masa? Ya ce ai wannan halinsu ne na can. Malamin asibiti, wanda coci ɗaya muke zuwa, shi ma amsar da ya ba ni ke nan, sai dai ya ƙara da murmushi.

Na ji haushin mijina, ba zan ɓoye ba, don taurin kansa ya fi dutsen garinsu. Amma haushin unguwa ya fi ci mini rai. Shi baƙo ne mutum ɗaya, ya ba su abin da ya sani da zuciya ɗaya. Su kuwa sun sha guminsa bisa al'adarsa, da aka zo ramawa sai suka tuna suna da tasu.

Shi kaɗai ya fara aikin, in ya taso daga aikin kafinta. Ina ɗebo masa ruwa har Inna ta ƙwace tulun ta ce in zauna. Ya rushe saman bangon, bai kai rabin ɗorawa ba, ruwan farko ya sauko da la'asar, irin mai iska. Allah ya sa Inna tana madafa tare da ni muna ɓarar gyaɗa. Muka ji rugugi, muka leƙa, bango ya kwanta, rufi ya bi shi. Tabarmarta, tukunyarta, da saiwoyin da ta ɗauko tun daga gida don jegona, duk suna ƙarƙashin laka.

Kafin ruwa ya gama tsiyaya daga indararo gidanmu ya cika. Mai unguwa ya zo, malamin asibiti ya zo, mata suka shigo da kwanuka a rufe, kowa yana Allah ya kiyaye gaba. Tela ya riƙe haɓa yana cewa da an sanar da su ai da ba a yi haka ba. Na ciji leɓe, don da na buɗe baki ranar da ban sake shiga mutane ba. Inna ta ja zanena ta tambaye ni wa ya kira su. Na ce babu, ai jaje ba a kiransa. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ashe ƙafarsu ta san ƙofar nan."

Kunya ta sa washegari suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu, suka tayar da ɗakin, ya fi na da kyau. Inna ba ta ko leƙa ba, ta riga ta ɗaure ɗan ƙunshinta. Na durƙusa da cikina na riƙe ƙafarta ina kuka, na ce ta dubi halin da nake ciki, ga ɗaki sabo an gina mata. Ta ɗago ni, ta share mini fuska da gefen zanenta.

"In na mutu a nan, za su zo, na gani," in ji ta. "Ni inda ake zuwa wurina ina da rai nake so."

Maigida ya raka ta tashar mota, ya dawo ya zauna a zaure bai ci abinci ba. Na haihu a tsakiyar damina. Matan unguwa ne suka yi mini wankan jego, bayan ya bi gidajensu da goro a hannu, kansa a ƙasa. Mun yi niyyar kai mata jariri in hanya ta bushe, amma kafin ta bushe aka aiko ta rasu. Ɗakin ya zauna babu kowa. Da ɗana ya yi wayo yakan tambaye ni na wane ne, in ce masa na kakarsa ne, shi kuma ya tambaye ni wace ce kakarsa.