Ƙugiyar da Tarwaɗa ta Gudu da Ita

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda na yi zaton ba za su taɓa gogewa ba. Amma wata Asabar da muka kai mahaifina bakin ruwan Dadin Kowa tana nan daram a raina, kuma na san ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

A shekarar ce Allah Ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa, Allah Ya jiƙanta da rahama. Da aka gama zaman makoki kowa ya watse, sai gidanmu na Hammadu Kafi ya yi wa Baba girma. Mutum ne da a da idan yana gida har maƙwabta sun sani, saboda dariyarsa da ƙarar rediyonsa. Sai ga shi ya koma daga ɗaki sai masallacin ƙofar gida, daga masallaci sai ɗaki. Ni ina aure a Gabukka, kullum nakan dafa abinci in kai masa a kula, washegari in tarar ya ɗan taɓa gefe ya rufe. In na yi magana sai ya ce, “Na ci, Allah Ya yi miki albarka.” Wuyan rigarsa kuwa kullum ƙara faɗi yake yi. An kai shi asibiti, likita ya duba ya ce bai ga wata cuta ba, a dai samo abin da zai riƙa fitar da shi daga gida. Tsorona ɗaya ne a lokacin, kada mu wayi gari Baba ya bi Mama alhali muna kallo.

Babban wanmu, wanda muke kira Hamma, yana aiki a Abuja. Shi ya tuna mana cewa lokacin da Baba yake aiki a ma'aikatar gona, ba abin da yake so kamar fatsa. Duk Asabar sai ya hau babur ya tafi Dadin Kowa, ya dawo da yamma yana ƙarnin kifi, Mama tana mita tana dariya. Hamma bai yi wata-wata ba ya aiko da kayan fatsa irin na masu hali. Sanda ce baƙa mai sheƙi, tana shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo, ga wani ɗan inji mai mariƙi da ke naɗe zare, ga akwati cike da kifayen roba masu launi-launi. Ni kaina da na gani sai da na ce masha Allah.

Baba ya karɓa da hannu biyu, ya sa wa Hamma albarka. Ya goge sandar da gefen rigarsa, ya mayar da ita cikin jakarta, ya ɗora a saman kabad. A nan ta zauna. Duk sanda Hamma ya kira ya ce, “Baba, an je ruwan kuwa?” sai ya ce, “Za a je, in sha Allahu.” Na lura yakan sauke ta lokaci-lokaci ya share mata ƙura ya mayar. Ni a wautata sai na ɗauka son fatsar ne ya fita daga ransa.

Ana nan sai tsohon abokinsa ya zo duba shi. Dattijo ne ɗan ƙabilar Tera, Kirista, mazaunin Herwagana, tare suka yi aiki da Baba, tare kuma suke zuwa ruwa a zamaninsu. Tun muna yara Kawu muke ce masa. Na shiga kai musu ruwa sai na ji yana cewa, “Alhaji, wancan abin a sama fa? Bindiga ka saya?”

Baba ya ce, “Sandar fatsa ce, yaron nan ya aiko.”

“To me take yi a can? Kifi yana hawa kabad ne yanzu?”

Baba ya ce, “Abin da yaro ya matse kansa ya saya min, in kai shi ruwa ya karye? Ko ya suɓuce ya nutse? In ce masa me?”

Sai a lokacin na gane. Baba irin mutanen nan ne da idan ka ba su abu mai tsada, amana ka ba su. Haka ya ajiye agogon da aka ba shi ranar da ya bar aiki, haka ya ajiye darduma mai laushi da aka kawo masa daga Makka, yana sallah a kan tsohuwar. Mun so mu ba shi abin nishaɗi, sai muka ƙara masa abin gadi.

Da Kawu zai tafi na raka shi zaure. Ya rage murya ya ce, “'Yata, ubanki ba ya buƙatar wancan. Abin da yake buƙata shi ne fatsar da in ta ɓata ba zai ji komai ba. Gobe ki same ni a kasuwa.”

Na nemi izinin maigidana, washegari na hau keke napep na same shi. Ya ja ni har wani lungu da ban taɓa sanin yana cikin kasuwar ba, wajen masu sayar da koma da zare. Mai rumfar ya dube ni da hijabina har ƙasa ya ce, “Hajiya, in kifi kike nema, masu kifi suna can gaba.”

Kawu ya ce, “Ita daga tushe take son sayensa. Fito mana da ƙugiya.”

Ranar na yi karatun da ban yi a sakandare ba. Kawu ya ce kada in ɗauki manyan ƙugiyoyi don suna burge ido, matsakaita sun fi, domin su karfasa za ta iya haɗiya, tarwaɗa ma ba ta raina su. Ya ce a sayi ƙunshi guda, ba ɗaya ko biyu ba, saboda ƙugiya abar ɓata ce. Ya sa aka warware zaren lailon, ya naɗa a hannu ya finciko, ya ce in ya tsinke a hannun tsoho to ba zai jure kifi ba. Muka ɗauki wanda bai cika kauri ba, wai mai kauri kifi yana ganinsa. Aka ƙara mana 'yan ƙananan dalma da ke sa ƙugiya ta nutse. Mai rumfar ya fito da wasu 'yan robobi ja da fari masu yawo a saman ruwa, waɗanda ke nuna kifi ya taɓa, Kawu ya ce a bar su. “Ba ku da tsohon silifas a gida? A yanka guntu a ɗaura. Ya fi wannan fitowa a idon tsoho.” Sanda kuwa, wajen masu gora muka je, ya yi ta ɗagawa yana girgizawa har ya sami guda biyu marasa nauyi masu lanƙwasa a kai. Abincin kifi ya ce ba a saye, tsutsar tana ce, tana nan a gindin randa da bakin rariya. Duk abin da na biya bai kai cefanen miyar yini ɗaya ba, har na riƙa jin kunyar a ce wannan zan kai wa mahaifina.

Kawu ya ce, “Ba ke za ki kai ba. In kika kai, kyauta ce, zai ɗora ta a kabad. Bar ni da shi.”

Da la'asar ya shigo gidan ya zazzage ledar a kan tabarmar Baba, ya ce idonsa ya mutu, ya zo nan ne don akwai haske. Ya zauna yana ɗaura ƙugiya, wani irin ɗauri kamar na bakin buhu. Ina daga ƙofar kicin ina kallo. Baba ya kau da kai, ya sake dubawa, ya sake kau da kai. Can ya kasa daurewa.

“Kai, wannan ɗaurin akuya kake yi ko na ƙugiya?”

“Haka nake yi tun kana koyon hawa babur.”

“Shi ya sa kullum kake dawowa da hannu. Kawo nan!”

Ya fizge zaren. Yatsun nan da suka daɗe ba su riƙe komai ba sai carbi, sai ga su suna naɗa zare suna zargewa kamar jiya suka bari. Kawu ya ɗago ya ƙifta min ido. Kafin magariba sun tsayar da Asabar, domin Lahadi Kawu yana coci.

Maigidana ne ya ɗauke mu a mota. Muka sami wata inuwa a ƙasan madatsar Dadin Kowa, inda ruwan yake tafiya a hankali, ga gonakin shinkafa kore shar a tsallake. Na shimfiɗa tabarma na ajiye kular dambu. Tsofaffin nan biyu suka zauna a kan dutse, kowa da gorarsa, guntayen silifas suna lilo a kan ruwa. Har rana ta take ba wanda ya kama ko ɗan tsako. Ni kuwa ina ta addu'a a zuci: ya Allah, ko ɗaya ne.

Da azahar ta yi, Baba ya soke gorarsa a tsakanin duwatsu ya ce wa Kawu, “Duba min, amma kada ka taɓa.” Ya yi alwala ya ja mu sallah, maigidana a gefensa, ni a baya. Muna raka'a ta uku sai na ji Kawu yana magana ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashin yaro.

“Tsaya mana, baiwar Allah. Mai ita yana sallah.”

Can kuma, “Alhaji, ba na ce ka yi sauri ba, amma dai ka san da baƙuwa.”

Allah Ya yafe min, ranar da ƙyar na riƙe dariya a cikin sallah. Baba kuwa bai rage komai ba, ya yi tahiyarsa cikakkiya, ya yi sallama a natse. Har ya ɗaga yatsu zai fara tasbihi, sai idonsa ya faɗa kan gorar nan da ta lanƙwashe kanta yana shan ruwa. Ban san sanda ya miƙe ba. Mutumin da sai ya dafa bango yake tashi, sai ga shi a bakin ruwa ba takalmi, ya cafki gora.

Kawu ya ce, “Sassauta mata! Kada ka ja da ƙarfi!”

“Rufe min baki, ni za ka koya wa?”

Ruwan ya dare, muka ga baƙin bayanta da gashin bakinta, tarwaɗa ce ƙatuwa. Baba yana ja tana ja, hularsa ta faɗi, maigidana yana ta “Bismillahi, Bismillahi.” Ta zo har kusa da dutse. Sai ji muka yi tas! Zaren ya tsinke, gorar ta miƙe, ta tafi da ƙugiya da dalma da guntun silifas ɗin gaba ɗaya.

Baba ya tsaya da gora a hannu yana kallon inda ta nutse. Ni kuwa idona ya cika da hawaye, na ce a raina shi ke nan, mun kawo mutumin da rashi ya karya mun sake sa shi ya rasa wani abu. Sai na ga kafaɗunsa suna motsi. Na ɗauka kuka yake. Ashe dariya ce, irin tasa ta da, wadda ke fitowa tun daga ciki, har sai da ya zauna a kan dutse yana share ido.

“Ka ga girmanta? Ta kai cinyata!”

“Wace cinya? Ko damtsena ba ta kai ba.”

“Hassada ce ke damunka.” Ya juyo ya miƙo min hannu ko kallona bai yi ba. “Ke, miƙo wata ƙugiyar.”

Na buɗe ƙunshin nan na ba shi. Kafin la'asar ya sake ɓatar da wata a cikin saiwa, bai ko damu ba, ya ɗaura sabuwa. Daga baya ya kama 'yan karfasa ƙanana, kowace ba ta fi tafin hannu ba. Yana zaune yana gadin gorarsa ya ce yunwa yake ji, ya jawo kular dambu, suka yi ta kai loma shi da Kawu suna musu, har na ji cokali yana karo da ƙasan kula.

A hanyar dawowa ya ɗaga ledar kifin ya dube ta, ya ce, “Da mamanku tana nan, da ta ce mutum huɗu suka tafi yaƙi suka dawo da wannan.” Tun rasuwarta, ranar ce ya fara ambatonta da murmushi. Sannan ya ce, “Ki yi min farfesunsu irin nata, mai yaji da daddawa.” Na ce to, Baba. Na juya fuskata wajen taga don kada ya ga abin da ke zuba.

Allah Ya ƙara masa shekaru masu albarka bayan wannan, kuma Asabar kaɗan ce ta wuce shi a gida. Hamma da ya ji labari har kuka ya yi a waya don murna. Har yau in wata ta ce min maigidanta ko mahaifinta yana sha'awar fatsa, me za ta saya masa, amsata ba ta canzawa: gora marar nauyi, zaren lailon matsakaici, ƙunshin ƙugiya, 'yar dalma, sauran kuma a nemo a tsakar gida.

Abin da na koya a bakin ruwan nan shi ne, mu 'ya'ya mukan auna ƙaunarmu da tsadar abin da muka saya, iyayenmu kuma sai su kasa taɓa shi saboda ƙaunar da suke mana. In kana so tsohonka ya ji daɗin abu, ba shi wanda zai iya riƙewa da sakin jiki, wanda in ya ɓata zai yi dariya ya ce a miƙo wani. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, waɗanda suke raye kuma Ya ba mu basirar gane abin da suke buƙata tun suna tare da mu.