Ɗigon Girijamma

Girijamma ce ke share ginin binciken haske na jami'armu a Bengaluru ta ƙasar Indiya, tun wasunmu ba su daina tsotson yatsa ba. Gajera ce, ga baki, kuma a ganinta duk abin da ke ciyar da kai yana da haƙƙi a kanka. Ranar Ayudha Puja, da ake yi wa kayan aiki ado da godiya, babu mai tsira: tsintsiya, firij, har babur ɗin mai gadi sai ta rataya masa furanni, ta ɗiga masa kwaɓin itacen sandal mai ƙamshi.

Teburinmu kaɗai aka hana ta taɓawa. Na ƙarfe ne, cike da ƙananan madubai. Mukan saki ƙwayar haske guda, ta iso mararraba, maimakon ta zaɓi dama ko hagu sai ta bi duka biyun, haka mararraba bayan mararraba. Da irin wannan tafiya ake fatan ƙera kwamfutar gobe. Saita madubin nan aikin wata da watanni ne, atishawa ma tana iya ɓata shi.

"Har yau abin nan bai ba ku amsa ba ko?" ta ce da ni. "To yana kallo ana yi wa tsintsiya ado, shi ko oho. Kai za ka yi aiki?"

Bara, ranar bikin, ta samu ƙofar ɗakin bincikenmu a buɗe. Muna dawowa daga cin abincin rana muka tarar kowane madubi da ɗigonsa a tsakiya, daidai inda haske ke sauka. Ko ɗaya ba ta tsallake ba. Ni dai zama na yi daɓas a ƙasa, don digirina ta shafa wa sandal.

"A mayar da matar nan ginin ofis, yau ɗin nan!" in ji Farfesa Hebbar, shugaban ɗakin binciken.

Haushinta kamar ya kashe ni. Amma da na gan ta tsaye da tsintsiya, ido ya ciko, sai tausayi ya kama ni. Ba ta da kowa sai ginin nan.

Muka yi ta ba Farfesa haƙuri har ya bar ta, sannan muka yi dabara. Muka kafa wani tsohon madubi da ya karce a kusurwar tebur, inda haske ba ya bi. Muka ce mata shi ne uban madubai, in an yi masa an yi wa kowa.

Bana ta shigo da tirenta. Ta dubi madubin, ta dube ni.

"Ɗan nan, ni za ka yi wa wayo? Wannan ai an sallame shi."

Na fara inda-inda.

"Bar shi," ta ce, tana rataya masa furanni. "Ya yi aiki har ya karce, kuma ba ku yar da shi ba. Ni ma kusurwar ta ishe ni."