Sabbin Waƙoƙin Yaya da Aka Kira Tsofaffi

Shekara ashirin da biyu yayana ya yi yana kaɗa jita a ɗakin cin abinci na otel ɗaya. Wurinsa yana lungu, tsakanin ƙofar kicin da wata tukunyar furen roba. Ƙarfe biyar na yamma zai zauna, ya buɗe littafin da manaja ya ba shi, mai waƙoƙi arba'in na zamanin iyayenmu. Ba a yarda ya fita daga littafin ba. Sau ɗaya ya gwada saka tasa waƙar, wani baƙo ya aiko ma'aikaciya ta tambaya ko jitar ce ta lalace.

Nasa waƙoƙin a bayan takardun odar abinci yake rubuta su, yana tarawa a gwangwanin biskit. Matarsa takan ce gwangwanin ya fi ta sanin cikinsa. Da ya cika hamsin, ya same ni a gidan rediyon da nake aikin haɗa sauti, ya ce yana son faifai nasa na kansa, ko mutum goma ne za su ji. Ya gaji da rera maganar wasu.

A ɗakinsa muka ɗauka, ran Lahadi kawai. Mu toshe taga da bargo, mu kashe firji, matarsa ta kori yara waje. Wata bakwai muka yi kan waƙa tara. Babu kamfani a bayanmu, ni na ɗora su a intanet. Ranar Yaya har aski ya yi, kamar za a gan shi.

Mako biyu shiru. Sai wata mai gabatar da shiri a wajen aikinmu ta saka waƙa ta uku, saƙonni suka fara shigowa. Ni nake karanta masa, don shi ba ya ganin ƙananan rubutu. Wata ta ce ta tuna motar babanta. Wani ya ce ya ji ƙamshin falon kakarsa. Wani kuma ya tambaya ko mawaƙin yana raye.

Yaya ya yi dariya har da tari. Da na kai saƙo na talatin, dariyar ta ƙare. Ya tambaye ni ko akwai wanda ya ambaci kalmomin. Waƙa ta ukun a kan ɗansu ne da ya zo bai numfasa ba. Na duba sama da ƙasa, babu.

Sannan masu sharhi suka shigo. Wani matashi ya rubuta a mujalla cewa mawaƙin gwani ne, ya sa wa waƙoƙinsa tsofaffin kaya da gangan, har da ɗan shuu ɗin nan na kaset. Shuu ɗin daga wayar makirufona ne, na yi ta fama da shi na kasa cirewa. Wata kuma ta rubuta cewa babu abin da ke cikin faifan da ba a yi shi shekara arba'in da suka wuce ba, kuma an yi shi fiye da haka. Yaya ya sa na maimaita masa duka biyun.

"Da mai yabon da mai kushen, ai magana ɗaya suke yi," ya ce.

Manaja ya ga yabon, ya sa aka manna shi a ƙofar otel. Ya ɗinka wa Yaya riga mai faffaɗan kwala da wando mai buɗaɗɗen ƙafa, ya ce waƙoƙin taran su shiga littafi. Yanzu yana rera nasa kullum, baƙi suna tafi, ba wanda ke gane inda na mutane suka ƙare nasa suka fara.

Wata Lahadi ya kira ni, ya ce in zo da kiɗan na'ura irin na yaran yanzu. Na sa masa mai sauri. Ya bi shi kamar minti ɗaya, sai hannunsa ya zame ya koma tafiyar da ya saba. Muka sake. Sau goma sha ɗaya muka sake, gumi ya jiƙa masa wuya.

"Ke ce mai kunne. Gaya mini gaskiya, auta."

"Waƙar taka ce, Yaya. Yatsun ne suka saba da hanya ɗaya."

Ya daɗe yana kallon hannunsa, yana buɗewa yana rufewa.

Bayan wata ɗaya wani ƙaramin kamfani ya aiko wasiƙa. Suna son waƙa goma sha biyu, sak irin na farkon, kada a canza komai. Matarsa ta yi murna har ta kira dangi. Shi sai a rana ta biyar ya ce in rubuta musu cewa ya yarda.

Ya gama huɗu zuwa yanzu. In na je gidan nakan tsaya a baranda kafin in yi sallama. Ina jin sa ya ɗauko wani sabon abu, ya kai tsakiya ya tsaya, ya sake ɗaukowa daga fari.