Haƙoran Masta Idi Ba Su Yi Ƙarya Ba

Bana shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Masta Idi makwancinsa. Ranar, da liman ya ce jama'a su yafe wa mamaci, muryata ta fi ta kowa tashi. Har yau in na tuna "mun yafe" ɗin nan da na yi, sai in ji kunya ta rufe ni, domin Idi bai yi mini komai ba. Ni na yi masa.

Tare muka tashi a Zongo, allonmu ɗaya. Shi ya zama bakanike, ni na zama dillalin motocin da ake saukewa a tashar jirgin ruwa. Duk Lome an san shi da kunne, har ana ce masa Mai Kunne. Mota tana shigowa layin garejinsa zai ce fulogi ne ko ringi, tun mai ita bai yi sallama ba. Masifaffe ne a kan abu biyu: bakin mai da ya wuce lokacinsa, da fetur ɗin kwalba na bakin titi. Yakan ce mai zuba wa inji fetur ɗin kwalba zai iya shayar da uwarsa ruwan kwata.

Abin da Zongo ba ta sani ba, kunnen ya fara mutuwa. Ni na raka shi asibiti, ni na ji likita ya ce babu gyara. A hanyar dawowa ya riƙe hannuna ya ce, "Sani, wannan tsakanina da kai ne." Na rantse masa. Daga nan ya samo dabara. Yana da doguwar sukudireba mai ƙotar itace. Sai ya ɗora bakinta a jikin inji, ya ciji ƙotar, ya rufe ido. Ƙarar takan bi haƙoransa ta shiga kansa. Mutane suka ɗauka salo ne na gwani.

Sai na sayar wa Alhaji Bawa, wani falken shanu, jar motar tsere mai kujera biyu. Injinta a baya yake, silinda shida a kwance, uku dama uku hagu. Ba ta shan fetur sai mai kyau, ba a taka ta sai ta yi ɗumi, kuma bakin manta ya ninka na motar haya. Na buga ƙirji a gaban majalisa na ce injin nan ko ƙwarzane babu. Alhaji zai tafi Sokode da ita bikin suna, ya ce a fara kai ta wurin Idi. Bayan la'asar ne, rabin majalisar suka biyo mu kallo.

Idi ya ciji ƙotarsa ya daɗe. Ya sa aka ƙara wuta, aka rage. Ya zaro sandar awon mai ya murza a yatsa, ya duba a rana. Sannan ya ce, "Alhaji, metal ɗin karanshaf ya ci. An zuba masa mai mai kauri ne don ya yi shiru. In ka hau babban titi da shi, ba zai kai ka Atakpame ba. A sauke shi a buɗe."

Duk ido ya dawo kaina. Sunana ne jarina, kuma a gaban mutanen nan na yi rantsuwa. Idi ya sake sunkuyawa kan injin, ya ba mu baya. Sai na ce, "Alhaji, maganar kurma za ka bi? Tsaya ka gani." Na matsa bayansa na yi sallama da ƙarfi. Shiru. Na sake. Shiru. Na ce, "Idi, gidanka ya kama da wuta, Ladidi da yara suna ciki!" Ko gezau. Ƙotar tana bakinsa, idonsa a rufe, yana nema wa Alhaji gaskiya.

Majalisa ta kwashe da dariya, Alhaji har da riƙe ciki. Idi ya ɗago ya ga kowa yana dariya, sai shi ma ya yi dariya, don kada a gane bai ji ba. Wannan dariyar tasa ita ce ba ta bar ni ba.

Kafin sati ya zagayo, daga Kege har Agoye an ji cewa Mai Kunne kurma ne. Masu zemijan, wato 'yan acaɓa, sukan tsaya bayansa su zage shi don nishaɗi. Motoci suka daina zuwa. A shekara ta biyu ya rufe gareji, ya kafa tebur a bakin titi yana sayar da fetur a kwalba. Bai taɓa tambayata wanda ya tona shi ba, kuma na tabbata ya sani.

Motar kuwa ko Atakpame ba ta hango ba. Da kaɗan ta wuce Tsevie, nan kusa da Lome, injin ya buga, sandar fistan ta fasa gefensa ta leƙo. Ni na je na jawo ta, na ɓoye ta a wani kango a Agoye. Alhaji ya ji nauyin dariyarsa, ni na ji tsoron sunana, sai muka haɗa baki muka ce wani ɗan Kwatano ya saye ta.

Sau ɗaya Idi ya yi mini maganarta. Na tsaya gaban teburinsa, ya dube ni ya ce, "Sani, jan motan nan fa?" Na buɗe baki sosai yadda zai karanta leɓena, na ce, "Lafiya lau. Tana Kwatano, tana gudu." Ya jinjina kai, ya taɓa muƙamuƙinsa, ya ce, "To. Ashe haƙoran ma sun tafi." Bayan wannan ranar ba a sake ganinsa da sukudirebar ba. Na riga na raba shi da sunansa a wurin mutane. Ranar na raba shi da abin da ya sani game da kansa. Shekara guda bayan haka ya rasu.

Yau yaran gareji kwamfuta suke jona wa mota, su karanta cutar da Faransanci. Ina tambayar kaina me Idi zai ce. Ina jin da ya yi musu tsiya, sannan ya ja kujera ya koya, domin sana'ar da ba ta buƙatar kunne ta zo masa a makare. Da ya ƙara shekaru kaɗan, da kurmancinsa bai dami kowa ba.

Alhaji Bawa ya rasu bara, saura ni kaɗai na san zancen. Motar tana nan a kangon, kaji suna ƙwai a kujerarta, ramin da ke gefen injin yana daidai inda Idi ya ɗora bakin sukudirebarsa. Ita kuma sukudirebar tana wurin babbar 'yarsa, Hajara, da sawun haƙoransa a ƙotar. Duk Sallah takan zo gaishe ni, ta durƙusa ta ce mini Baba.

Hajara, na san ana kawo miki jaridar nan. Ki je Agoye ki duba ramin da idonki. Mahaifinki ya ji daidai. Ni ne na tsaya bayansa na tona shi.