Duwatsun Baba Shigeru

Shigeru yana ɗan shekara bakwai jirgin ruwa ya sauke shi da iyayensa a Jamhuriyar Dominika, can cikin tsibiri. Takardar da aka ba su a Japan ta ce gona mai albarka tana jiransu. Dutse suka tarar. Ubansa ya ƙare kwanansa a durƙushe yana tsince duwatsu, ɗan ma da haka ya tashi: ba a shuka sai an tsince.

Da tsufa ya raba shi da tsibirin ya kawo shi unguwar Bronx, aka ba shi kusurwar da kowa ya ƙi a lambun unguwa, duk duwatsu da fasassun bulo da kwalba. Shekara goma sha biyar yana tsincewa yana jerawa a jikin shinge. Rafia, 'yar Zongon Kumasi mai kula da shi, ita ke riƙo hannunsa daga benensu na titin Grand Concourse ta shimfiɗa masa buhu ya durƙusa. Kuɓewarsa rabin mutanen benensu ke ci.

Sai Alhaji Alkasim ya zama shugaban kwamitin lambu. Ma'aikacin ofis ne, farcensa bai taɓa ganin ƙasa ba. Ya ce a share kusurwar a kafa allon tarihin baƙi, har da hoton tsohon.

"Karrama shi za mu yi, Hajiya," ya ce wa Rafia.

"Alhaji, hoton za mu kaɗa miya da shi?"

"Ai sa'ar ƙasa kawai ya yi. Sai mu ba shi wani wurin."

Aka sa ranar da kwamiti zai kaɗa ƙuri'a a kan maganar. Ranar ƙuri'a Rafia ta yi sammako ta kwashe duwatsun shinge guga-guga, ta jere su a gaban teburin taro har babu wurin sa ƙafa.

"Ga sa'ar," ta ce. "Mai son kusurwar ya fara tsince wa Baba irin wannan a sabon wuri. Bismillah, Alhaji."

Alkasim ya sunkuya ya kama guga ɗaya. Gugan bai motsa ba. Ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ce allon zai fi kyau a bakin ƙofa. Ko ƙuri'ar ba a kaɗa ba.

Shigeru bai saurari ko kalma ba. Yana can a kan buhunsa, ya hango wata tsakuwa a gindin kuɓewa.