Ranar da Baffa Ya Aike Ni Filin Jirgi

Ni da taubashina duk direbobi ne. Ni ina jan keke mai ƙafa uku tsakanin Ƙofar Kware da Gidan Igwai, shi yana tuƙa jirgin sama. Nasa ma ƙafa uku gare shi, na duba da idona. Bambancin kawai, in nawa ya mutu a hanya fasinja kan sauka su tura.

Uwarsa ƙanwar mahaifina ce, Gwaggo ke nan. Na girme shi nesa ba kusa ba, har goyonsa na yi, ya jiƙa mini baya ba sau ɗaya ba. Boko kuwa a aji uku na firamare muka rabu da ita, ranar da malaminmu ya ce in bar bencin ga mai buƙata. Shi ya yi ta karatu har ya ƙure ƙasa ya koma sama. Amma taubashi taubashi ne, ko da hular kyaftin a kansa. Duk abin da na ga dama sai in gaya masa, ba shi da ikon yin fushi, sai dai ya rama. Kuma yana ramawa, don bakinsa ya fi nawa dafi.

A unguwa ana ganin ya gama hayewa. Tsofaffi na tare Gwaggo a gidan biki su ce ta sa ɗanta ya ajiye musu kujerar Makka. Ni da nake ɗauko shi daga filin jirgi na san abin da ke ƙarƙashin farar rigar nan. Jirgin nasu ɗan ƙarami ne mai farfela, bai taɓa ganin ko Jidda ba. Sakkwato zuwa Abuja, Abuja zuwa Legas, a juyo, a sake komawa, kamar motar kasuwar ƙauye. Kafin kiran asuba yake tashi. Abincinsa shinkafa mai sanyi a ɗan kwali, a kan cinya. Ya kwana a otal yau, gobe a wani ɗan ɗaki da ya kama a Abuja, matarsa da 'ya'yansa na Gidan Igwai suna ganinsa kamar baƙo. Sallah ƙarama da babba duk a sama suke riskarsa. Kowane ɗan lokaci likita ya tuɓe shi ya auna shi ciki da waje, in jini ya hau kaɗan a ce ya zauna gida. Ga ciwon baya, ga basir na yawan zama. Wannan basir na ci moriyarsa shekaru. Duk taron da muka haɗu sai in tambaye shi da ƙarfi ko in kawo masa matashi.

Shi kuma ya ce, “Bar shi, tsoho. Ni nawa a sama na samo shi. Kai naka a bakin kwata.”

In jirginsu ya sauka Sakkwato da rana, ba ya ko fitowa waje. A sauke mutane, a sha mai, ya zagaya jirgin yana leƙen tayoyi, a kwashi wasu a tashi. Abin ba ya kai awa guda. Sau da yawa yakan sauka garin haihuwarsa ya tashi bai taka ƙofar gidansu ba. Ni kuwa na mayar da wannan ɗan lokaci kasuwata. In kira shi a waya in ce Gwaggo na nemansa maza-maza, in ya ruɗe in ce ƙunshin kilishi ne wani zai aika Abuja. Ya zage ni, in zage shi, a rabu lafiya.

Gwaggo ba ta yi jinya ba. Ranar da hantsi ta sha kununta, ta aiki jika sayen goro, ta ce kanta na sarawa bari ta ɗan kishingiɗa. Kafin goron ya iso ta cika.

Babban da ya rage a gidan shi ne Baffa, wan Gwaggo, ƙanen mahaifina. Tsohon alƙali ne, mutumin da ko tari ya yi sai a zaci hukunci ne. Yana isowa, tun mata ba su gama salati ba, ya tambayi inda yaron yake. Aka ce yana sama, jirginsa ne zai sauka kafin azahar. Nan take ya sa aka karɓe wayar matar yaron, ya aika wa duk dangi cewa wanda ya kuskura ya sanar da shi ko ya rubuta a waya, shi da shi har abada. Ya ce jana'iza da an sallame azahar, ba a jinkirta gawa don kowa.

Sannan ya kira ni soro.

“Kai za ka tai filin jirgi,” in ji shi. “Ka ce mai uwatai na nemanai. In ya fito, ka ɗauko shi, sai kun kawo ƙofar gida ka faɗa mai. In bai fito ba, ka kama bakinka.”

Na ce, “Baffa, in bai fito ba fa, ai ba ya ganin ta ke nan.”

“Rayukan mutane na hannunai. Ka faɗa mai uwatai ta rasu, ya hau sama hankali tashe, ya zubo da bayin Allah bisa gari? Wa ka ɗaukar wanga alhaki? Kai?”

Na ce ba ni ba.

“To rantse.”

Na rantse. Ya ƙara da cewa dalilin da ya zaɓe ni shi ne ni ne wawan gidan, in ya ji muryata ba zai zargi komai ba. “Ka yi mai shashancin da ka saba,” in ji Baffa. A duk rayuwata ranar ce kaɗai aka ba ni aiki saboda cancanta.

Mu duka a soron nan, da alƙalin da malamai da masu digiri, babu wanda ya san yadda aikin yake. Mun ɗauka kamar direban tirela ne da ya ɗauki kaya: ko uwarsa ta mutu sai ya kai.

Na ja kekena babu fasinja har filin jirgi. Na tsaya jikin wayar shinge inda ake hango fili. Jirgin ya sauka a kan lokaci, abin da ba halinsa ba. Na lissafa a raina, in ya fito yanzu, na taka keke da gaske, za mu tarar ana daidaita sahu. Can na hango shi ya sauko, da riga mai ɗorawa a kan farar, yana zagaya jirgin. Na kira. Na ga ya laluba aljihu.

“Tsohon banza,” in ji shi. “Kilishin wa kuma?”

“Direban sama, ya basir?”

“Yana gaishe ka. Mi kake so? Ina da aiki.”

“Inna na nemanka. Ta ce ka zo yanzu.”

Ya yi dariya. Ina kallonsa ya durƙusa yana duba taya, wayar maƙale a kafaɗa. “Ka sake waƙa, wagga ta tsufa. Jiya da dare munka yi magana da ita, lafiya lau take. Har ta ce in hana ka cin bashin goro da sunanta.”

“Wallahi ka fito. Ga ni nan jikin waya, duba hagunka.”

Ya miƙe ya duba, ya ɗaga mini hannu. “Na gan ka. Ko daga nan muninka bai ɓuya. In na fito wa za ya kai mutane Abuja? Babu wani kyaftin a garin ga sai ni. Ko kai za ka ja shi?”

“Ba ni makulli ka gani.”

“Ka ce mata jibi ina kwana gida. Ta yi mini tuwon dawa miyar kuka, kada ta bari ka kusanci tukunyar.”

Maganar ta zo mini har bakin haƙora. Sai na hango fasinja sun fara fitowa a jere, wata mata da jariri a kafaɗa, wani dattijo ana riƙe da hannunsa, na tuna rantsuwa da fuskar Baffa. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “To Allah ya sa ka faɗo a kan bola.”

“Amin, in same ka can,” in ji shi. Ya kashe waya.

Ban iya tafiya ba. Na tsaya riƙe da wayar shingen har farfela ta fara juyawa, har jirgin ya yi gudu ya ɗaga. Ya karkata ta kan gari kamar yadda ya saba. Waɗanda suka ɗauki makara sun ce sun ji wucewarsa, wasu har sun ɗaga kai. Da na koma gidan Gwaggo a Ƙofar Kware na tarar mutane na dawowa daga maƙabarta, ana wanke ƙafafu a ƙofar gida. Ni ma ban samu jana'izar Gwaggo ba. Baffa ya dube ni, na girgiza kai, ya ce, “Madalla. Ka yi hankali yau.”

Abin da Baffa bai lissafa ba shi ne, cikin fasinjan akwai wani ɗan kasuwa na Ƙofar Atiku da ya biya gidan ya yi gaisuwa da hantsi kafin ya wuce filin jirgi. Da aka sauka Abuja mutane na fita, taubashina na tsaye bakin ƙofar ɗakin tuƙi yana yi musu sallama. Mutumin ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, “Allah ya jiƙan Hajiya. Kai, ka yi ƙarfin hali, wallahi. Ni da ba ni iyawa.”

Mataimakin taubashina, wani yaro Kirista ɗan Filato, shi ya ba ni wannan labari da ya zo gaisuwa. Ya ce kyaftin ya tambayi mutumin wace Hajiya, sau biyu. Sannan ya zauna a ƙasa nan bakin ƙofa, fasinja na tsallake ƙafafunsa.

Washegari ya iso, a kujerar fasinja. Ya zauna kan tabarmar makoki kusa da Baffa yana amsa gaisuwa. Sai da aka watse cin abinci, muka rage mu uku, ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

“Kawu, da kun faɗa mini, ba su barina in tashi. Doka ce. Wanda anka yi wa rasuwa ba ya tuƙi. Waya ɗaya zan buga in ce ban iyawa, a ajiye jirgin, a aiko wani daga Abuja. Mutane su yi jira, su yi zagi, su gaji. Shi ke nan. Babu wanda za ya faɗo.”

Baffa ya ja carbinsa. “Haka Allah ya ƙaddara,” in ji shi. “Kai ma da ka saba zuwa in uwarka ta kira, da ba a yi haka ba.”

Ya tashi ya tafi alwala.

A gari kuwa labari ya riga ya gama tafiya da ƙafarsa. Ɗan kasuwar nan ya baza cewa ya ga yaron da idonsa, uwarsa na kwance ba a rufe ba, shi yana dariya a waya yana duba taya. A majalisarmu aka ce boko ke nan, mutum ya sauka garin da gawar uwarsa take ya zaɓi albashi. Na ce musu bai sani ba. Suka ce to me na je yi filin jirgi, kallon farfela? Baffa bai taɓa gyara zancen ba, kuma ba wanda ya isa ya tambaye shi. Har yau in jirgin rana ya wuce, sai wani ya ɗaga kai ya ce, “Ga marar uwa can.” Yara ma sun ɗauka.

Ranar addu'ar uku da yamma ya ce in kai shi maƙabarta. Muka tafi a kekena, yana baya kamar fasinja. Sai da muka shiga na tuna ni ma ban san kabarin ba. Muka sami mai haƙa, ya kai mu wani layi ya nuna sababbi guda uku a jere, duk ƙasarsu ɗaya, duk da ƙaya a kai. Ya ce ranar an kawo mutane da yawa bayan azahar, amma dai cikin ukun nan ne. Na kira Baffa a waya, ya ce neman kabari ba ya ƙara wa mamaci komai, mu yi wa Musulmi duka addu'a mu dawo.

Muka tsaya. Shirun ya yi mini yawa, ni kuwa ban iya shiru ba. Na ce, “Kama na tsakiya, direban sama. Ko ba ita ba ce, addu'ar ta fantsama hagu da dama.”

Na jira ya zage ni. Na ƙagu ya zage ni. Ya dube ni kawai, ya ce, “To, Yaya.”

Tunda aka haife shi bai taɓa ce mini Yaya ba. Ya durƙusa gaban na tsakiyar ya ɗaga hannu.

Ya koma aiki bayan addu'ar bakwai, don hutun da suka ba shi ke nan. Yana nan yana Sakkwato, Abuja, Legas, da shinkafarsa mai sanyi. In ya kwana gari motar haya yake hawa daga filin jirgi. In muka haɗu a suna ko ɗaurin aure, sai ya zo har inda nake, ya cire takalmi, ya russuna, ya tambayi iyali da aiki da gajiya, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gaida surukinsa. Mutane na cewa kai, yaron nan akwai ladabi.

A bikin 'yar ƙanwarsa na gwada sa'ata. Ana tsakiyar taro na ɗauko matashi na miƙa masa, na ce da ƙarfi ko basir ya bar kyaftin ya zauna. Kowa ya yi dariya. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, “Na gode, Yaya, Allah ya saka.” Ya ajiye matashin a gefe, ya zauna a kan tabarma.