Ranar da Na Kashe Na-Hanya

A gidanmu na Kekun Waje ba a hura wuta don tatsuniya, ragowar wutar tuwo ce. Idan aka yi sallar isha'i, Inna Kulu, kakata ta wajen uba, sai ta tura karan dawa biyu cikin murhu, ta binne gyaɗa a toka mai zafi, ta miƙe ƙafafu a tabarma. Mu jikokinta shida mu kewaye ta, ana ture-ture, kowa na son gefen da hayaƙi ba ya bi.

Ni kaɗai nake kwana a ɗakinta. Mahaifina ya tafi Kurmi neman aiki tun ina goye, bai dawo ba, bai aiko ba. Da mahaifiyata ta gaji da jira aka raba auren, ta yi wani auren a garin Wanke, aka bar ni wurin Inna. Ban taɓa jin kewarsa ba, kuma ban taɓa jin Inna ta ambace shi ba ko sau ɗaya. Na ɗauka ita ma bai dame ta ba.

Kakannin wasu suna da dabbobi iri-iri a tatsuniyarsu. Tamu mutum ɗaya gare ta, sunansa Na-Hanya. Dogo ne, bahago, ba ya shan miyar kuka ko da yunwa za ta kashe shi, kuma kullum a tafe yake. Inna takan fara da cewa, "Ku matso, ga shi can tahe." Mu kuma mu amsa, "Shi taho mu gan shi!"

Wanda na fi tunawa shi ne na garin da ba su iya ajiye wuta ba. Kowace safiya sai sun tura mutum wani gari ya ɗebo garwashi a kasko, kafin ya iso rabi ya mutu, yara na kukan yunwa har hantsi. Na-Hanya ya sauka a garin, ya nuna musu yadda ake rufe garwashi da toka ya kwana da ransa. Mutanen suka ruɗe don murna, suka ba shi gona, suka ba shi gida, suka ce ya zauna. Ya ce musu a'a, an rufe masa tuwo a gida. Ya kama hanya, ruwa ya dake shi, gulbi ya cinye masa takalmi ɗaya, ya ci gaba da ɗingishi har ya hango rumbunan garinsu. A nan Inna takan rage murya ta ce, "Ya iso bakin ƙohwa. A buɗe mai." Sai ɗayanmu ya ruga zaure ya buɗe ƙyaure, ya leƙa, ya mayar ya rufe, mu fashe da dariya. Kowane labari haka yake ƙarewa, ba ta taɓa faɗin abin da ya faru bayan an buɗe ba.

Akwai kuma akushin tuwo da take rufewa da faifai kowane dare ta ajiye a bakin gadonta. Da safe ni ke cinye shi ɗumame. Na ɗauka don ni ake ajiyewa, har ina yi wa sauran yanga.

Na-Hanya ba na Inna ba ne ita kaɗai, duk 'ya'yanta sun iya shi. Idan aka kai ni hutu Tsafe wurin Gwaggo Rabi, 'yarta, sai in tarar da wani Na-Hanya dabam. Na Gwaggo shashasha ne mara zuciya, mai mantuwa da mutanensa. Ba labarin da zai ƙare bai sha kashi ba: yau rina ta harbe shi, gobe a kore shi daga masauki ya kwana a rumfar kasuwa. Tana faɗa tana murza kaɗi kamar shi take murzawa, ta ce, "Madalla da shi! Shi ƙara." Shi kuwa Baba Sani, ƙanen Gwaggo, direban da ke jigila tsakanin Gusau da Mada, nasa Na-Hanyan attajiri ne mai motoci, yana tara ɓarayi goma ya zane su da hannun hagu kaɗai. Na taɓa tambayarsa yaushe Na-Hanya zai koma gida. Ya yi dariya ya ce, "Ina shi ina ƙauye? Mutum na can shina cin duniya da tsinke."

Ni yaro ne mai baki, ba a bar min magana. Na dawo na tsare Inna, na ce ta faɗa min wanne ne na gaskiya. Ta ce, "Kai dai angona akwai neman rigima. Kowa da nashi. Nau dai shina komowa."

Ina wajen shekara tara, bayan an gama girbi, mura ta kama ta, murya ta dushe. Muka taru kamar kullum, ta gwada ta kasa. Sai ta dube ni ta ce, "Bashiru, kai mai bakin, karɓa ka ba su." Kaina ya kumbura. Na ji na Inna, na ji na Gwaggo, na ji na Baba Sani, na ce yau zan yi wanda ya fi na kowa. Na tuna wani fim da na gani a Gusau, yadda manya suka yi tsit da jarumin ya mutu. To, na ɗauko Na-Hanya na kai shi bakin gulbin da ya cika ya batse, na tura shi ciki. Na sa ya ɗago sau uku yana kiran gida, a na huɗu bai ɗago ba. Yaran suka buɗe baki. Daɗi ya kama ni, har na ƙara da cewa, "Yau ba sai an buɗe ƙofa ba."

Inna ba ta ce na yi laifi ba. Ta zare karan daga murhu, ta dangwara shi a ƙasa har ya mutu, ta ce, "Ku tai ku kwanta." Washegari ba a rufe akushi ba. Murarta ta warke, amma ba ta sake yin tatsuniya ba. Idan muka dame ta sai ta ce, "Wa za ni kawo muku? An ce ya mutu." Yaran suka yi fushi da ni na kwana biyu suka manta. Ni abin da ya fi ci min rai a lokacin, ɗumamen da na rasa.

Sai da na shiga sakandare na ji sauran. Ina Tsafe, ina ba Gwaggo labarin ina dariya, ta ajiye ludayi ta yi min wani kallo. Ta ce, "Ashe kai wawa na? Wa ab bahago gidanmu? Wa ka ƙin miyar kuka?" Sannan ta ce, "Ubanka Lawali shi na ɗan farinta. Tun da ta haihe shi ba ta taɓa kiran sunanai ba, ba ta taɓa ɗaukar shi gaban mutane ba. Ranar da yat tahi ko zaure ba ta raka shi ba. In 'yan Kurmi sunka komo kowa shi je shi tambayi nashi, ita ba dama, kunya ta hana. To ina kaka son ta kai shi?"

Na san kunyar ɗan fari, a cikinta muka tashi. Ban dai taɓa tunanin tana da nauyi ba. A ranar na gane mutum ɗaya su ukun suke ba mu: ƙanwar da ke jin haushinsa, ƙanen da ya fi son ya yarda daɗi ne ya riƙe shi, da uwar da ke kawo shi bakin ƙofa kowane dare. Ni kuma ɗansa na jefa shi a gulbi. Na jira in ji wani abu ya tsaya min a ƙirji. Ban ji komai ba, wallahi. Na shanye furata, na wanke ƙwarya.

Yanzu zane nake yi a wata maɗaba'a a Gusau. Muna buga wa 'yan firamare ƙananan littattafai na hotuna a jere, magana na fitowa daga bakin mutane. Na-Hanya ne a ciki, ni ke zanawa, wasu ke rubuta labarin. Madam Rifkatu, wata malamar makaranta 'yar Filato da ta daɗe a garin, nata mai haƙuri ne, yana koya wa yara wanke hannu da gaida manya. Wani matashi da ya karɓa bayanta ya mayar da shi ɗan dambe, kowane shafi sai an zubar da mutum. Ba na musu da kowa. Sharaɗina biyu ne: bahago ne, kuma hoton ƙarshe ƙofa ce a rufe.

Lokacin da hanyar ƙauye ta ƙi biyuwa, na ɗauko Inna ta dawo wurina. Idonta ya tafi, sai dai ta ga haske. Da littafin farko ya fito na kai mata bayan magariba, na sa mata a hannu, na zauna a ƙasa. Na ce, "Inna, matso, ga shi can tafe." Ta daɗe tana shafa takardar.

Ta ce, "Ba kai ka kashe shi ba?"

Na ce, "Ya fita, Inna. Ya kama reshe."

"Da wane hannu?"

"Da hagu."

Ta gyaɗa kai. Na ba ta labarin daga farko har ƙarshe, ta gyara min wuri biyu. Da na ce ya iso bakin ƙofa, na saurara in ji ta ce a buɗe. Sai ta juya wajen matata ta ce, "Ke amarya, in da sauran tuwo a rufe. Kar a sa miyar kuka."

Haka aka riƙa rufewa har daminar da ta rasu. Ranar jana'izarta mutane na ta ba ni haƙuri, ina amsawa, idona a bushe. Har yau ba wanda ya zo da labarin mahaifina, na rai ko na mutuwa. Ba na jiransa, ba na kuma jin haushinsa. Da a ce ina jin ɗaya daga ciki, da na san irin labarin da zan rubuta da kaina, kamar yadda Inna da Gwaggo da Baba Sani kowa ya san nasa.

Kwanan baya Madam Rifkatu ta ce ɗalibanta sun dame ta, suna son a buɗe ƙofar nan ko sau ɗaya. Na ce to. Na zauna na zana ƙyauren a buɗe, na zana tsohuwa daga ciki, da akushi a gefenta. Da na zo kan wanda ke tsaye a waje, sai na lura duk shekarun nan ta baya nake zana shi, saboda kullum tafiya yake. Wannan karon dole ya fuskanto, kuma ko hotonsa babu a gidanmu. Na riƙe fensir har aka kira la'asar. Daga nan na goge, na mayar da ƙofar yadda take, na miƙa aka buga.